Kiran da Bai Kai Asibiti Ba

Sufeto bai gama zama ba matar ta dire waya a kan teburinsa, da ƙarfin da ya sa bironsa ya gangara ƙasa. Malamar makaranta ce, da garin alli a hannun rigarta. Idonta a bushe yake ƙamas, ta gama kuka ta koma faɗa.

"Wayar babana ce," in ji ta. "Ranar Litinin da hantsi ya rasu a ɗakinsa, tana hannunsa."

"Allah ya ji ƙansa. Me ya kawo maganar wurinmu?"

A tsaye ta yi bayani. Tsohon yana da ciwon zuciya, kuma shi kaɗai yake wuni a gida. Ita ta sa masa wata manhaja mai babban maɓalli guda, in an danna kira ya tafi kai tsaye teburin motar asibiti. Ta koya masa har ya iya. Ranar ya danna. Manhajar ba ta nuna lamba, amma ta rubuta cewa an karɓi kiran. Mota ba ta zo ba.

"Na je asibiti, sun ce wayarsu ko motsi ba ta yi ba. Na je kamfanin, suka ba ni ruwan sanyi da haƙuri. Yallaɓai, wani ya ɗaga kiran nan. Shi nake so a nuna mini."

"Kin kunna wayar tun ranar?"

"A kashe take. Ba na iya kallonta."

"Bar ta a kashe."

Sufeto mutum ne mai saurin hawa, duk caji ofis an san haka. Amma abin da ya fi ƙona masa rai a duniya shi ne mutuwar da kowa ke cewa ba laifinsa ba ne. Ya ɗauki hularsa ya kira Saje.

A asibiti magana ba ta yi tsawo ba. Mai kula da teburin kira ta rantse babu abin da ya shigo daga manhajar ranar Litinin, ba na tsohon kaɗai ba, na kowa. Sai dai daga washegari wani namiji ya riƙa bugo musu da wayarsa, ya faɗi adireshin mara lafiya ya kashe, bai taɓa faɗin ko shi wane ne ba.

Kamfanin yana saman bene, ɗaki ɗaya mai faɗi, tebura a jere, igiyoyin caji ko'ina kamar saƙar gizo-gizo. Manaja ya tare su da murmushin da bai kai ido ba.

"Ai mun riga mun ɗauki mataki, Yallaɓai. Mun kore ta."

"Kun kori wa?"

"Injiniyar da ta kawo mana sabon tsari. Uwar Akwati suke ce mata. Shekara da shekaru muna aikinmu lafiya, ta zo ta ce komai sai ya bi ta wasu akwatunanta. Ranar Litinin da safe injinta ya tura wa jama'a sabon zubin manhajar, ga abin da ya biyo baya. In kamu za ku yi, ga adireshinta."

"Kai ka yi bincike, kai ka yanke hukunci, ni kuma ɗan aikenka ne ko?" Sufeto ya ce. "Wa ya san aikin nan bayan ita?"

Aka nuna masa wani mai furfura a kusurwa. Gwani ake ce masa, shi ya rubuta manhajar tun daga layin farko. Ya miƙe a ladabce, hannunsa ɗaya dafe da aljihun rigarsa.

"Haka ne, Yallaɓai, injinta ne. Na sha faɗa musu inji ba ya maye gurbin hannun da ya san aiki."

Sufeto yana saurare yana kallon bango. Akwai fitilu biyu a sama da ƙofa, kore da ja, duk a mace.

"Waɗancan fa?"

"Na injin ne. Sun ƙone," in ji Gwani.

Saje dogo ne, ba ya neman kujerar takawa. Ya miƙa hannu ya murɗa jan ƙwan sau ɗaya, sai ga haske ja wur ya cika ƙofar. Samarin da ke teburan suka saci kallon wata hula da ke rataye a ƙusa, hular kwali mai dogayen kunnuwan jaki.

"Wannan ta wa ce?"

"Wasan yara ne kawai," Manaja ya ce da sauri.

"Ƙwan da ya ƙone ba ya tashi don an murɗa shi," in ji Sufeto. "Kada wanda ya yi nisa."

Uwar Akwati tana zaune da yayarta a wani ɗan gida bayan tasha. Yayar ce ta buɗe ƙofa, ta tsaya a bakin ƙofar kamar za ta ci su ɗanye.

"Ƙanwata ba ta kashe kowa ba. In kun zo tafiya da ita, sai ku haɗa da ni."

"Yaya, bar su su shigo," aka ce daga ciki.

Matashiya ce siririya, idonta ya faɗa saboda rashin barci. Sufeto ya ce ta yi masa bayani irin wanda za ta yi wa kakanta.

"Da can kowa a kwamfutarsa yake haɗa manhajar. Ta yi aiki a wurin wannan, ta ƙi a wurin wancan, a wuni ana musu. Sai na kafa tsari. Duk wanda ya taɓa ko layi ɗaya, inji zai buɗe sabon akwati, wato wani fankon ɗaki a cikin kwamfuta, babu tarkacen kowa. A ciki zai haɗa manhajar daga farko, ya gwada ta, ya jefar da akwatin. In ta ci gwaji, fitila kore, inji ya tura wa jama'a. In ta faɗi, fitila ja, ko sama da ƙasa za su haɗe ba ya turawa."

"Kamar a wanke tukunya kafin kowane girki."

"Haka."

"Ranar Litinin wace fitila ce?"

"Ja, tun Juma'a. Manaja ya yi wa asibiti alkawarin sabon zubi, ya ce in kashe gwajin. Na ƙi. Na fita sayen magani, na dawo na tarar fitila a mace, ana tafi wai an tura."

"Hular jakin fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Samarin ne suka ƙirƙiro. Wanda aikinsa ya kunna ja, shi zai wuni da ita. Ban hana ba, har dariya na yi. Tun da aka kafa akwati, rabin kwanakin a kan Gwani take wuni, don aikinsa a kwamfutarsa kaɗai yake tafiya."

"In inji ya ƙi turawa, akwai wata hanya?"

"Sai mutum ya haɗa da hannu a kwamfutarsa, in yana da makullin sirri na kamfani. Na faɗa wa Manaja haka aka yi, ya ce ƙarya nake in kare kaina." Ta ɗago. "Yallaɓai, akwai abin da ke hana ni barci. In muna gwaji, ba ma son damun asibiti, sai kowa ya sa lambar wata wayarsa a madadin tasu. Akwati ba ya ɗaukar wannan, lambar asibiti kaɗai ya sani. Amma kwamfutar mutum tana riƙe da abin da ya bari a cikinta."

Sufeto ya miƙe tun ba ta rufe baki ba. A mota huci kawai yake yi, har suka biya makaranta suka ɗauko malamar.

Suka koma saman benen da la'asar, da Uwar Akwati a bayansu. Manaja ya fara cewa wadda aka kora ba ta da izinin shiga, Sufeto ya daka masa tsawar da ta zaunar da shi.

"Kowa ya ɗora hannunsa a kan tebur. Malama, kunna wayar. Saje, kashe mata intanet kada ta sabunta kanta."

Malamar ta kunna wayar ta buɗe manhajar. Ta dubi maɓallin, ta cije leɓe, ta danna.

Sai wata tsohuwar waya ta fara ƙara a aljihun rigar Gwani.

Bai taɓa ta ba. Ta yi ta kuka a ƙirjinsa, shi kuma gumi yana bin furfurarsa, har Saje ya zo ya zaro ta ya ajiye a tebur.

"Kai ne ke bugo wa asibiti kana ɓoye suna," in ji Sufeto.

"Ni ne. Na gyara kuskuren a ranar, amma akwai wayoyin da ba su sabunta ba. Kiransu wurina yake zuwa. Ko wanka da ita nake shiga."

"Kai ka kwance fitila?"

"Ni ne. Yallaɓai, ni na haifi manhajar nan. Yaran da na koya wa aiki su ke ɗora mini kunnen jaki suna ɗaukar hoto. Manaja ya ce in san yadda zan yi kafin azahar. Na ce sau ɗaya dai, bari in nuna musu hannuna ya fi injinta. Na manta lambata tana ciki."

"Ban tambaye ka kunnen jaki ba! Tsoho ya kira, ka ɗaga. Me ya hana ka buga wa asibiti a take?"

Gwani ya dubi wayar da ke kan tebur. "Da na ji muryarsa na gane abin da na yi. Na ce bari in gyara layin da lambata take a manhajar tukuna, kada wani kiran ya sake ɓata, in ya so sai in kira su. Ɗan gyara ne, na ɗauka yanzu zan gama. Sai wani abu ya ƙi, na bi shi, wani ya sake ƙi. Da na ɗago kai, an yi nisa."

Sufeto ya buga teburin har kofuna suka yi tsalle. "Mutum yana mutuwa a kunnenka, ka zauna kana gyaran layi! Sannan ka bari aka rataya wa yarinyar nan gawarsa, kana tsaye kana ce mini inji ne!"

Babu wanda ya motsa. Malamar ce ta matso, a hankali, har ta tsaya gaban Gwani.

"Me ya ce maka?"

"Hajiya, don Allah..."

"Dube ni. Me babana ya ce?"

"Ya faɗi unguwa da lambar gida. Ya ce, 'Ɗana, ku yi sauri. Kada ku kira 'yata, tana cikin aji.'"

"Kai kuma ka ce masa me?"

Gwani ya rufe ido. "Na ce, 'Ga mu nan zuwa, Baba.'"

Malamar ta gyaɗa kai kamar wadda aka ba amsar lissafin da ya daɗe yana damunta.

"Maƙwabcinmu yana da mota," ta ce. "Katanga ɗaya ce tsakaninsu, da ya ƙwala kira an ji shi. Na yi ta tambayar kaina me ya hana shi. Ashe ku yake jira. Shi ya sa muka same shi ya sa takalminsa, ya buɗe ƙofa ya bar ta a buɗe."

Sufeto bai bar wa Saje aikin ba, da kansa ya sa wa Gwani ankwa. Ya miƙa wa Uwar Akwati tsohuwar wayar ya ce ta kai ta teburin asibiti yanzu, ya nuna wa Manaja ƙofa da haɓa, shi ma ya shiga gaba. Suka sauka benen, Gwani yana tuntuɓe a kowace matattakala. Malamar ba ta bi su da kallo ba. Ta zauna a kujerar da Gwani ya tashi, ta kashe wayar babanta, ta riƙe ta da hannu biyu.