Rairayin Azahar

"Barguna?!"

Hinda ta saki murfin akwatin lefe. Gwaggo Gaji, ƙanwar mahaifinta, ta ɗaga bargo ɗaya sama don mata su gani. Ga rigar sanyi mai kauri, ga safa. A tsakiyar bazara, a Dogo-Dogo, lokacin da ko jaki ba ya yarda ya bar inuwa.

"Auren ki zai yi ko gasa ki?" in ji Gwaggo.

Mata suka kwashe da dariya. Ban da Hinda.

Hafiz ne ya aiko da kayan, ma'aikacin likita da gwamnati ta tura kan dutsen Bagzan, can ƙasar Ayar. Tun suna ƴan makaranta a lakwal ɗin Dungas suke son juna. Ya sha gaya mata a talho, wato waya, cewa sanyin can har leɓe yake fasawa, can kuma zai kai ta in an ɗaura.

Faruku, ɗan Gwaggo Gaji, mai sayar da kayan moto, wato babur, a kasuwar Guci, ya nemi Hinda ta ƙi shi. Da labarin bargo ya iso masa, sai ya zarce wajen mahaifinta.

"Kawu, ka taɓa ganin wanda ya matsa kusa da murhu ya ce yana jin sanyi? Wanda ya hau dutse ai rana ya kusanta. Yaron nan ba a Bagzan yake ba. Ƙetarawa ya yi ƙasar Larabawa, can ake sanyi. Allah kaɗai Ya san wadda ya ajiye a can."

Malam Isufu, mahaifin Hinda, manomi ne, bai taɓa ganin dutsen da ya fi kuka tsawo ba. Yana yafe talauci, ba ya yafe ƙarya.

"A mayar masa da kayansa."

Hinda ta kira Hafiz.

"Ka gaya mini gaskiya... ina kake?"

"Haba, sanyin idona! Inda na ce miki."

"Ya za a yi sama ta fi ƙasa sanyi?"

"Tsaya in yi miki baya..."

Ta kashe talhon. Wannan laifinta ne. Ta saurari wanda ta san yana da manufa har ya gama, ta katse wanda bai taɓa yi mata ƙarya ba.

Hafiz bai sake kira ba, hanya ya kamo. Bayan kwana biyu, da azahar, mota ta sauke shi. Malam Isufu na kan tabarma a inuwar dogonyaro, Faruku a gefensa. Tun daga nesa Hafiz ya cire takalmansa, ya taka rairayi, ya durƙusa cikin rana ya yi gaisuwa.

Malam ya amsa. Bai ce ya shigo inuwa ba.

"Kai ne ka ce kusa da rana ake sanyi?"

"Baba, hasken rana ratsa iska yake yi, ba ya ɗumama ta sosai. Ƙasa yake gasawa, ita kuma ta ɗumama iskar da ke kwance a kanta. In mutum ya yi sama, iska tana yin shara-shara, ba ta riƙe zafi."

"Karatun lakwal ne, Kawu," in ji Faruku. "Da shi suke rufe bakin manya."

Hinda na leƙe ta ɓular zana. Ba maganar take ji ba, ƙafafunsa take kallo. Yana ɗaga wannan ya sauke, ya ɗaga waccan. Zufa na ɗiga daga haɓarsa, amma bai matsa ba, bai kuma dubi takalmansa ba.

Ta jawo mayafi ta fito.

"Baba!"

"Koma ciki."

"Baba, don Allah ka duba shi! Kansa ne ya fi kusa da rana, amma ƙafarsa ce ke ƙonewa!"

Malam Isufu ya dubi ƴarsa, ya dubi ƙafafun. Ya miƙa hannu waje da inuwa, ya riƙe shi a sama cikin rana. Sannan ya sauke tafin a kan rairayi. Da sauri ya janye.

Ya juya wajen Faruku.

"Faruku."

"Na'am, Kawu."

"Cire takalmanka ka tsaya inda yake. Tunda daga sama zafin yake, hularka ta ishe ka."

"Kawu... na bar shago a buɗe."

"To je ka rufe. Ka haɗa da bakinka."

Faruku ya tada moto, bai waiwayo ba.

"Shigo inuwa, ɗana," in ji Malam. "Dutsen ban gan shi ba. Amma ban kama ka da ƙarya ba, kuma mai ƙarya da tuni ya gudu. Bayan sallar layya za a ɗaura."

Ya tashi ya tafi masallaci.

Hafiz ya zauna bakin tabarma, tafin ƙafarsa ya yi jawur, har ya fara yin bororo. Hinda ta ɗebo ruwan randa a kwano ta ajiye a gabansa. Ta kasa haɗa ido da shi.

"Sannu... Ka yafe mini."

Ya tsoma ƙafafun, ya runtse ido.

"Hinda, da ni kika yarda, ko da rairayin?"

Da ta so, da ta ba shi amsa mai daɗi. Ba ta ba shi ba, kuma ta kyauta.

"Da rairayin."

"To madalla da ba ki ɓoye ba." Ya yi murmushi. "Amma ki sani, amarya, ƙafafun nan biyu kaɗai gare ni. Ba kullum zan riƙa gasa su ba."

"Ba za ka sake ba," ta ce. "Daga yau sai ka kai ƙarshen magana kafin in kashe talho."