Gaba Bakwai

Gyaran rubutu nake yi a shagon ɗab'in Ndubuisi da ke Daura, kuma ina ji da kaina a aikin. Ƙa'idarmu ɗaya ce: kowane awo a mayar da shi mita ko kilo, a rubuta da lamba. Ba taku, ba kamu, ba mudu.

Wani tsohon mahaƙin rijiya daga Sandamu, Malam Sama'ila, ya kawo ɗan littafi don masu koyon sana'ar. A ciki ya ce in ana haƙa a fadama kada a wuce gaba bakwai, wato faɗin hannuwan mutum sau bakwai, don abin da ke ƙasa da nan yana da masu shi. Na yi tsaki, na lissafa, na cike shi ya zama mita 15 don ya fi kyau a ido.

Ran Laraba na tsaya duba shafukan littafin ni kaɗai. Ana kiran Magariba na miƙe in tafi. Ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Fanka ta tsaya. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika shagon, alhali rabonmu da ruwan sama wata uku. Sai na ji ɗigo, ɗis, ɗis, daga can sama.

Na ɗaga kai. Babu rufi, sai ɗan haske kamar bakin kwalba.

Na ware hannuwa. Yatsuna suka taɓa bango hagu da dama. Laka ce mai sanyi.

Ruwa ya kama idon sawuna.

"Da hannu aka yi mana alkawari," in ji wata murya a bayan kunnena. "Mita hannun wa ce?"

Bakina ya kasa haɗa addu'a. Ruwa ya kai gwiwa.

Shafin da na canza awon na hannuna, jan biro na aljihu. Na laluba, na soke lambar, na rubuta gaba bakwai.

Ƙofa ta buɗe da kanta. Na faɗa titi, wandona sharkaf da laka.

Da safe na roƙi Ndubuisi kada a buga sai an gyara. Ya dube ni a tsorace.

"Musaddiq, ai tun jiya da rana na buga ɗari biyu. An raba su Sandamu da Mai'adua."

Sati uku muna bin ƙauyuka a babur muna karɓowa. Biyu ba su dawo ba, kuma har yau ban san a hannun wa suke ba.