Ƙullin Gidan Genzo

Ruwan sama ne ya haɗa su. Da safe, a dajin da jama'a ke zuwa kwanan shaƙatawa a gindin dutsen Hakusan, Kotone ta leƙo daga gadon lilonta ta ga maƙwabcinta tsaye yana kallon tamfol ɗinsa. Tamfol ɗin ya yi ciki, ya tara ruwa kusan bokiti guda. Bawan Allah ya sa yatsa ya ɗan tura, ruwan ya juye masa a ka.

Ta yi ƙoƙarin danne dariya, ta kasa.

"Malam, wa ya sayar maka da wannan igiyar?"

"Mai shago ya ce ita ce ta fi tsada."

"Ai ga tsadar nan ka gani. Nailan ce, da ta sha ruwa sai ta saki. Wannan 'yar robar kuma da ka maƙala maimakon ƙulli, zamewa take yi."

Ta ciro tata igiyar, siririya ruwan lemo, mai ƙyalli don kada mutum ya yi tuntuɓe da ita. Ta yanka gaba biyu-biyu, ta kafa turaku a karkace suna ba tamfol baya, ta ɗaura da zarge wanda ake ja ya ƙara ɗamewa. Nan take tamfol ya miƙe kamar fatar ganga. Shi kuwa Itsuki, don sunansa ke nan, hannunta kawai yake kallo.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Uwar Igiya, na iso gida lafiya. Igiyarki tana wurina, ba kuma zan mayar ba sai kin zo karɓa da kanki."

Ta amsa: "Mai Roba, riƙe ta. Amma ka jefar da waccan."

Shekara guda suna haka. Shi yana aiki a kamfanin inji, ita tana koyarwa a firamare, ƙarshen mako kuma su rataya lilo biyu a tsakanin itatuwa su dafa shayi. Suka yi alkawarin aure. Sai dai fa akwai Baba Genzo.

Kowa a unguwarmu ta Kanazawa ya san Genzo, mahaifin Kotone. Shekara arba'in yana ɗaure wa itatuwan mutane rassa da igiyar karan shinkafa kafin dusar ƙanƙara ta sauko ta karya su. Yana da ƙulli na gado, mai naɗi biyu ta hagu da gajeren jela, wanda ba a koya wa bare. Mutum uku ne suka iya shi: shi, da Kotone, da Fumika 'yar ƙanensa da ke taya shi aiki. Kotone ta sha rigima da shi kafin ya bar ta ta tafi koyarwa, kuma har yau maganar ba ta gama warkewa ba.

Ranar da Itsuki ya zo gaisuwa, tsohon ya dube shi tun daga sama har ƙasa.

"An ce kai ne mai ɗaure tamfol da roba."

"Da can ne, Baba."

"Ni ba babanka ba ne. Wanda bai iya ƙulli ba, da me zai riƙe alkawari?"

Ana cin abinci tsinken da Genzo ke ci da shi ya suɓuce ya faɗi, ya hau faɗa wai an sayo masu santsi. Sannan ya kori Kotone kicin, ya ja Itsuki cikin lambu da guntun igiya wai zai gwada shi. Minti biyar suka dawo, kowa fuska a murtuke. Genzo ya ce bai yarda ba, ya shige ɗaki.

Fumika kuwa, da ta raka su ƙofa, sai ta ce da dariya, "Yaya Kotone, in Baba ya hana ki, ni ki bar mini shi."

Wasa ne, amma irin wasan da ke zama a zuciya.

Da watan Nuwamba ya kama, Itsuki ya fara sauyawa. Asabar ta farko ya rubuto: "Uwar Igiya, yi haƙuri, aiki ya taso." Ta biyu: "Mura nake yi, kada ki zo in shafa miki." Ta uku ma wani uzurin. Da suka haɗu cin taliya a tsakiyar mako, ta ga tafin hannunsa duk ya yi kanta ya tsattsage.

"Me ya sami hannunka?"

"Kwalaye muka ɗauka a ofis."

Kwalaye. Kotone ta ajiye maganar a ranta. Wayarsa ta yi ƙara a kan tebur, ya yi wuf ya kife ta. Duk da haka idonta ya riga ya kama harafin farko na sunan, kuma irin na Fumika ne.

Ranar wani hutu ta matsa sai da suka je bakin kogi. Ta zauna ta ce yau shi zai kafa tamfol. Ya ja igiyar tsakiya tsakanin itatuwa biyu, ya kafa turaku daidai, har ta fara jin daɗi. Da ya zo igiyar ƙarshe yana hira, hannunsa ya tafi da kansa: naɗi biyu ta hagu, gajeren jela.

Ta ƙura wa igiyar ido. Ƙullin gidansu ne.

Ita dai ba ta koya masa ba. Baba kuwa ko sunansa ba ya son ji. Saura mutum ɗaya. Kuma wannan ƙullin ba a koyon sa da kallo. Sai mai koyarwa ya tsaya a bayanka, ƙirjinsa a gadon bayanka, ya riƙe yatsunka ya juya su. Haka aka koya mata tana 'yar shekara tara.

"Itsuki, ina ka koyi wannan?"

Ya dubi igiyar, fuskarsa ta sauya. "A waya na gani."

"Wa ya riƙe maka hannu?"

"Kotone, ki ba ni wata ɗaya."

"Tambayarka na yi."

"Ba zan iya faɗa ba."

Ta kwance igiyarta ruwan lemo ɗaya bayan ɗaya, tamfol ya zube a ƙasa, ta tafi tashar bas. Kishi mugun ciwo ne, kuma ni ban ga laifinta ba. Kwana huɗu ba ta amsa kiransa ba. Saƙonsa na ƙarshe ya ce: "Ban ci amanarki ba. Amanar wani nake riƙe da ita." Ta karanta, ta ce lallai ma, wato har amana ke tsakaninsu.

Ranar Asabar da sassafe ta tsaya a bayan injin sayar da lemo da ke kallon gidan Fumika. Ba a jima ba sai ga motar Itsuki. Fumika ta fito da ƙunshin abinci ta shiga gaba abinta. Kotone ta tare tasi ta bi su, hawaye na zuba, har ƙofar wani tsohon gida mai lambu.

Ta tura ƙyauren da ƙarfi, ta shirya maganganun da za ta faɗa. Sai ta tsaya cak.

Itsuki yana can saman tsani a jikin doguwar gora da aka kafa jikin wani itace, yana wurgo igiyoyin karan shinkafa na ɗaure rassa. Fumika tana ƙasa tana kamawa. A gefe kuma Baba Genzo ne zaune a kan dutse, hannayensa cikin hannun riga, yana ba da umarni.

"Ta hagu na ce, kai Mai Roba. Kunnenka ma na roba ne?"

"Baba," in ji Kotone. "Me ke nan?"

Sai Fumika ta ce, "Baba, ka nuna mata. Na gaji da kallon da take mini."

Tsohon ya daɗe kafin ya zaro hannayensa. Yatsun sun kumbura sun karkace, ko rufe su ba ya iyawa. Kotone ta tuna tsinken da ya faɗi, ta ji kunya ta rufe ta.

"Tun bara," ya ce. "Ranar da na kai shi lambu, na ɗauki igiya zan nuna masa iyakarsa, ta faɗi. Sau uku. Ya sunkuya ya ɗauka ya ce shi ne ya miƙo mini ba daidai ba. Washegari na same shi a ƙofar shagona ya ce in ba shi aiki. Gida ashirin da shida ke jira na kafin ƙanƙara, Fumika ita kaɗai ba za ta iya ba."

"Me ya sa aka ɓoye mini?"

"Don na san ki. Da kin ji, za ki ajiye makarantarki ki dawo saboda tausayi. Ni na sa shi ya rantse."

Itsuki ya sauko yana kakkaɓe hannu, ya kasa haɗa ido da ita. Ta matsa kusa ta kama tafinsa mai kanta.

"To wa ya riƙe maka hannu?"

"Baba ne. Da waɗannan yatsun. Kwana uku muna yi, yana zagina."

Ta fashe da kuka tana dariya. Ta juya ta nemi gafarar Fumika, wadda ta ce ba za ta yafe ba sai an saya mata kifi mai tsada.

"Amma Baba," in ji Kotone tana share ido, "ka ce ba a koya wa bare."

Genzo ya mayar da hannayensa cikin riga, ya kau da kai wajen itatuwan.

"Kin taɓa ganin na koya wa bare?"

An ɗaura auren a watan Mayu, aka yi liyafa a lambun gidan Genzo. Kamar an aika, hadari ya haɗo. Ango ya cire babbar rigarsa ya kafa tamfol da igiya ruwan lemo, amarya tana riƙe masa turaku. Ruwa ya yi awa biyu yana zuba, ko ɗigo bai taɓa baƙi ba. Tsohon ya zagaya ya taɓa kowane ƙulli da bayan hannu, sannan ya ce, "Ba laifi, ɗana."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa abin da aka ƙulla a ranar kada ya kwance.