Sawun Tayar Baya

Ranar da Zulai ta fara ganin Tukur, ba shi ne a kan keke ba, keken ne a kansa. Ya saɓo shi a kafaɗa tun daga bakin titin garin Shagari, tayar baya ta tsage, gumi ya jiƙe masa taguwa. Ya yi sallama a ƙofar gidan su Zulai, don an ce masa Malam Ladan ɗan koli ya iya gyara.

Shekarar tsuke bakin aljihu ce, ana cikin mulkin farar hula. Sabulu ya yi wuya, madara ta ɓace daga kanti, sabuwar tayar keke kuwa ko a Sakkwato sai wanda ya san wani. Malam Ladan ya juya tayar ya duba, ya ɗauko guntun fata da basilla, ya ɗinke tsagar da irin ɗinkinsa na giciye. Bai karɓi komai ba.

Zulai, 'yarsa, ita ta kawo ruwa. Tukur ya sha, ya miƙo kwanon, ya manta bai saki ba.

"Malam, kwanon namu na," in ji ta a hankali.

"Ahuwo, gajiya ta."

Ta koma ciki tana danne dariya da bakin mayafi.

Tukur mutumin Bodinga ne, shi ma ɗan koli, yana bin kasuwannin ƙauye da ashana da gishiri da allura a kariyar keke. Daga ranar nan kekensa ya koyi ciwo. Yau kaca, gobe birki, jibi iska ta sauka.

"Kai yaro," in ji Malam Ladan wata rana, "wanga keke naka bai lalacewa sai ƙohwar gidana? Tahi ka turo manyanka."

Da manya suka gana, aka ba shi izinin zance. Yana kiranta Ta Malam, ita kuma tana ce masa Na Bodinga. Facin fatar nan yana barin giciye a ƙasa duk inda tayar ta juya, har Zulai ta san sawunsa cikin sawun kekuna ɗari. In tana sharar ƙofar gida da safe, sai ta zagaye wurin da tsintsiya ta bar shi.

Sai damina ta sauka, gulbin da ke tsakaninsu da Horo Birni ya kawo. 'Yan koli sukan tsaya a babban mashigi su jira ruwa ya janye, ko su yi doguwar kewaya su isa kasuwa ta watse. Malam Ladan kaɗai yake isa da hantsi, kayansa a bushe, ya sayar ya dawo. Da wannan ya ciyar da gidansa shekara da shekaru. Hanyar tasa ba wanda ya sani sai Zulai, wadda tun tana ƙarama yake ɗora ta a kariya ya kai ta wurin kakarta.

Wata la'asar Tukur ya zo zance da laka har ƙirji, takalmi ƙafa guda. Ruwa ya kayar da shi a mashigi, da kyar ya ceci keken.

Zulai ta dube shi. Ta waiga cikin gida, ta sassauta murya.

"Na Bodinga, in na hwaɗa maka wani abu, ka riƙe?"

"Har kabari."

"In ka bar Shagari kar ka bi burtali. Ka ratsa bayan tudun marmara, inda giginya guda take tsaye. Nan za ka sauka ka saɓa keke ka bi bisa dutse, don sawu shi ɓace. Ka gangara kwarin gonakin gero har tsamiya mai kogo. Ƙarƙashinta ruwa bai wuce gwiwa, ƙasan duk dutse na." Ta sake waigawa ciki. "Abincinmu na ba ka. Ko Inna ba ta sani ba."

"Ta Malam, in na hwaɗa ma wani, kar ki ƙara duban huskata."

Gero ya fara fitar da kai lokacin da kakarta ta kwanta ciwo, Malam Ladan ya ɗauki Zulai zuwa Horo Birni. Suka haye tudu, suka bi kan dutse, suka gangara kwari. A gindin tsamiya mahaifinta ya tsaya cak.

Lakar bakin ruwa ta dame da sawun kekuna, wani kan wani, kamar an ci kasuwa a wurin. Malam Ladan ya durƙusa. A gefe, inda laka ta ɗan bushe, ga giciye, ga wani giciye, sun jeru har cikin ruwa.

"Wanga ɗinkin hannuna na," ya ce.

Ya ɗago ya dubi Zulai.

"Ni ban hwaɗa ma Tukur ba. Mu biyu munka sani, Zulai."

"Baba..."

"Hau mu tahi. Kakarki na jira."

Bai yi mata faɗa ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. A kasuwa suka tarar da 'yan koli sun riga sun baza kaya, ya dawo da nasa kusan yadda ya kai su. Ya aika Bodinga cewa maganar aure a bar ta. A gida kuwa, in yana son ruwan alwala sai ya kira Inna Kande, matarsa, alhali Zulai tana zaune kusa da randa.

Tukur ya zo ya kaɗa ƙararrawa. Ta fito, ba don zance ba. Ta tsaya a bakin zaure, ba ta shimfiɗa tabarma ba.

"Wa kah hwaɗa ma?"

Ya sunkuyar da kai. "Sama'ila, abokina. Shi ya kai sauran."

"Ruwa za shi cinye shi, kaj ji tausai?"

Tana roƙon Allah a ranta ya ce eh, ko da ƙarya ne.

"A'a. Muna zaune wurin mai shayi, suna ta zuga ni, wai aljani ka ƙetarad da ni. Daɗi ya ɗebe ni. Na so su san na hi su."

"Don a tafa maka wurin mai shayi." Ta nuna cikin gida da hannu. "Tsoho ya ɗinke maka taya kyauta, ɗiyatai ta ba ka abincin gidansu, kai ko ka sai da mu da kohin shayi."

"Ta Malam..."

"Kar ka ƙara kirana haka. Malam ɗin ma bai kirana yanzu."

Da safe ta ɗauki tsintsiya ta share giciyen tas, har sai da ta kankare ƙasa. Ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta.

Kwanaki suka yi nauyi. Tuwo ya ragu a kwano, Inna Kande ta fara raba sabulu da zare. Sai kuma tayoyin Malam Ladan, waɗanda faci ya riga ya cinye, suka ƙare gaba ɗaya. Ya cusa tsumma, tsumman ya zubo a hanya. Ya jingine keken a zaure ya zauna gida, mutumin da Zulai ba ta taɓa gani zaune ranar kasuwa ba. Duk lokacin da ta gifta shi, sai ta ji kamar ita ta yanka tayoyin da wuƙa.

Wata safiya ta fito shara, ta ga giciye a ƙofar gida. Zuciyarta ta tafasa. Har ya samu idon dawowa? Ta bi sawun da kallo, sai ta lura ba zuwa ya yi ba, daga cikin zaurensu ya fita. Keken mahaifinta ba ya nan.

Ta ruga ciki. "Inna, ina Baba?"

"Ya tahi kasuwar Mandera. Da asuba ya iske tayoyi biyu jingine a zaure. Ya zauna shina hararassu kamar su sunka yi mai laihi, sannan ya ɗauko sufana ya ɗaura su ga kekenai." Inna Kande ta ci gaba da dama fura. "An ce wani ɗan Bodinga yanzu bisa kai shika ɗaukar koli. Wai har yara na mai waƙa."

Zulai ba ta share ƙofar gida ba ranar.

Haka sauran daminar ta wuce. Malam Ladan yakan iske Tukur a hawan tudu, kaya a ka, ƙafa duk kaushi. Tukur ya kauce daga hanya ya durƙusa ya gaishe shi, tsohon ya wuce da amsa guda. Tukur bai taɓa roƙon komai ba. Ranar da aka fara yankan gero, Malam Ladan ya dawo ya zauna a tsakar gida.

"Zulai, kawo min ruwa."

Ta tashi da sauri ta cika kwano ta kawo masa.

Ya sha, ya ajiye. "Hanya ta tahi, ba ta dawowa. Amma yaron ga bai yi ƙarya ba, kuma ya taka ƙaya. Ni na yahe. Saura ke, ke aka cuta."

Da Tukur ya zo, a ƙafa ya zo, ba ƙararrawar kaɗawa. Ta bar shi tsaye har ya gaji, sannan ta jefa masa tabarma.

"Ban manta ba," ta ce.

"Ban ce ki manta ba."

"Ba ni ƙara ba ka asirina sai na ga hurhura a kanka."

"Na jira, Zulai."

Ta dubi ƙafafunsa da suka tsattsage, ta kau da kai da sauri. "Ka shahwa man shanu, Na Bodinga. Ba ni auren mai kaushi."

Bayan an kai amfani rumbu, a watan da soja suka karɓi mulki, aka ɗaura auren Tukur da Zulai a ƙofar gidan Malam Ladan. Da aka shafa fatiha, tsohon ya shiga zaure ya fito da taya guda, ya miƙa wa ango a gaban jama'a.

"Ga ta gaba. Ta baya tana wurina sai na ga yadda ka riƙe min ɗiya."

Aka fashe da dariya, Tukur ya karɓa da hannu biyu.

Shi ya sa a Bodinga, duk safiyar da amarya ta fito shara ta ga giciye a ƙofar gidanta, ta san Baba ya biyo ya duba ta. Sai ta zagaye wurin da tsintsiya. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai riƙon amana, amin.