Ranar da Asibiti Ya Sauya Layi

Sufeto ya sha ganin wurin da aka yi sata, amma bai taɓa ganin inda ɓarawo ya share ɗaki kafin ya tafi ba sai ranar nan. Ɗan ɗakin da ke bayan wurin ba da magani tsaf yake, ba a ɓalle ƙofa ba, ba a taɓa taga ba. Abu ɗaya ne ya yi ɓatan dabo: wani baƙin akwatin ƙarfe, na'urar da ke ajiye da bayanan duk wanda ya taɓa kwanciya a asibitin.

Likita, mai asibitin, tana tsaye a bakin ƙofa, idanunta sun yi ja.

"Sauya kamfani muke yi, Yallaɓai. Mun bar masu ba mu intanet da tsaron na'urori, mun koma wani sabo. Aka ce za a kwashe komai daga akwatin zuwa wurinsu, sannan a goge shi. Yau na buɗe kwamfuta, rabin marasa lafiyata babu su, akwatin ma babu shi."

"Kyamarori fa?"

"Tsohon kamfani ya yanke nasa layin, sabon bai haɗa su ba tukuna. Jiya ranar hutu ce, asibitin nan makaho ya wuni."

Ta nuna masa ɗakin ƙarshe, inda wani tela ke kwance, matarsa na yi masa fifita. Babban asibiti ya ba shi gado gobe don a yi masa aikin zuciya, bisa sharaɗin a aika hotuna da sakamakon gwaje-gwajensa kafin a tashi aiki yau. Suna cikin akwatin. In ba su isa ba, gadon ya zama na wani, kuma Likita ba ta ɓoye wa Sufeto ba cewa zuciyar telan ba za ta jira a sake bin layi ba.

Sufeto ya durƙusa inda akwatin yake a da. Wayoyin da aka zare duk an naɗe su an jingina da bango, kowacce an rufe bakinta da filasta, an kuma lanƙwasa gefen filastar don ta yi sauƙin ɓarewa.

Sajan da ke tare da shi ya leƙo ta kafaɗarsa. "Wannan ɓarawon ya fi ni tarbiyya, Yallaɓai. Ni ko wayar caji ta ba na naɗewa."

"Na sani, ina ganin teburinka. Kira min injiniyan sabon kamfanin."

Injiniya ya shigo da katin shaida a wuya da Turanci cike da baki. Shi dai a wurinsa magana a fili take: tsofaffin ma'aikatan da aka ƙwace wa aiki ne suka huce haushinsu.

"Ka gama kwashe bayanan kafin ka tafi hutu?"

"Tas, Yallaɓai."

"To ina hotunan tela?"

Sai kame-kame. Layi ne ya yi nauyi, wuta ce ta ɗauke, wani reshe ne ke jiransa. Sufeto ya zuba masa ido har Turancin ya ƙare.

"Rabin bayanan ne suka tafi. Na ce zan ƙarasa yau da safe, ba wanda zai sani."

"Amma ka ce wa mutanen gidan nan ka gama."

"Na faɗa a taron ma'aikata."

Don ya wanke kansa, sai ya ƙara da cewa dama akwai masu yi wa asibitin leƙen asiri. Na'urarsu ta tsaro ta kama wata lamba da ke kiran layin asibitin kullum bayan an tashi, ta saurari gaisuwar da aka naɗa, ta kashe ba tare da ta ce uffan ba. Shi da kansa ya toshe ta tun makon da suka fara aiki. Ya nuna lambar yana jiran yabo, Sufeto ya kwafa a wayarsa ya wuce.

A ƙofar baya akwai keken marasa lafiya guda, tayoyinsa da busasshen taɓo. Harabar asibitin kuwa siminti ce daga bango zuwa bango.

Mai gadi dattijo ne mai farin gemu, irin wanda ƙarya ba ta zama a bakinsa da kyau.

"Ko kaza ba ta shigo jiya ba, ranka ya daɗe."

"Keken nan shi ya kai kansa titi ya dawo, Baba?"

Dattijon ya dubi ƙasa. "Mara lafiya aka fitar. An lulluɓe shi da bargo."

"Ranar da ba a sallami kowa ba? Wa ya tura keken?"

 Sajan ya matso da zafinsa, Sufeto ya ɗaga masa hannu, don ya ga gemun dattijon na rawa. Wannan ba tsoron ɓarawo ba ne, tausayinsa ne.

Ya koma ɗakin tela. Babbar nas ce a kansa, wadda kowa a asibitin har Likita ke kira Mama. Tana gyara masa allurar ƙarin ruwa tana tsokanarsa, wai ya warke ya ƙarasa mata ɗinkin da ya riƙe tun bara. Ta yanko filasta ta manna, ta lanƙwasa gefenta da babban yatsa ba tare da ta duba ba.

Sufeto ya so a ce bai gani ba. Ya roƙe ta su ɗan fito baranda.

"Mama, ina kike jiya?"

"Ina gida, ɗana. Ƙafafun nan ba sa son yawo."

Ya danna lambar da injiniya ya ba shi. Waya ta yi ƙara a aljihun farar rigarta. Ba ta ɗauka ba, ba ta kashe ba, suka tsaya suna saurarenta har ta yanke.

"Ba laifi ba ne mutum ya kira wurin aikinsa," in ji ta.

"Ba laifi ba ne. Amma hotunan tela suna cikin akwatin nan, Mama. In ba su tafi yau ba, ya rasa gadonsa."

"An kwashe komai. Yaron nan ya faɗa a gabanmu."

"Ƙarya ya yi. Likita ba ta gaya wa ma'aikata ba don kada hankalin matar telan ya tashi."

Mama ta dafa bango. Ta waiwaya ta taga ta dubi telan, sannan ta zauna a kan benci.

"Wayyo ni. Ashe kashe shi na tashi yi." Ta goge fuska da bayan hannu. "Akwatin yana gidana. Ku tashi mu tafi, kada a ɓata lokaci."

A mota ta ba da labarin, ba wanda ya tambaye ta. Autarta ce ke zama a teburin karɓar baƙi. Ita ta naɗi gaisuwar da ke amsa waya in an tashi aiki. Bara ta rasu wajen haihuwa, ita da abin cikin. Auta ba ta barin saƙon murya, kullum sai dai ta kira ko ta zo da kanta, don haka ba inda muryarta ta rage a duniya sai a layin asibiti.

"Kullum in na koma gida sai na kira. Ta ce min an tashi, in kira gobe. Ni kuwa in kira goben." Ta gyara zama. "Rannan na kira, layi ya ƙi ni. Na tambayi yaron, ya ce tsarin da ya wuce ya wuce, kuma akwatin ma goge shi za a yi. Ni kuwa na tabbata muryarta na cikinsa. Na je ƙofar Likita sau nawa, kunya ta hana ni. Tsohuwa da ni, in ce a dakatar da aikin asibiti don in ji waya?"

Akwatin na kan gadon Auta, an ɗora shi a kan filo, an kunna masa fanka, don Mama ta taɓa ji an ce ba ya son zafi.

Kafin a tashi aiki injiniya ya mayar da shi ya haɗa. Hotunan tela suka fito, Likita ta aika, babban asibiti ya amsa. Matar tela ta riƙe hannun Mama tana godiya, ba ta san komai ba.

Sufeto ya ja injiniya gefe. "Akwai wata gaisuwar waya a ciki. Ciro min ita."

Injiniya ya dube shi da mamaki. "Ai ba a nan take ba, Yallaɓai. Layin waya a wurin tsohon kamfani yake. Ranar da kwangila ta ƙare suka goge komai namu, haka dokar tsaro ta ce. Mu muka nemi su yi."

"Ba yadda za a yi?"

"Na ga takardar shaidar gogewar da idona."

Sufeto ya juya, sai ga Mama a bayansa, da jakarta a hannu. Ta ji duka. 

Likita ta ce ta janye ƙararta, tana kuka. Amma bayanan marasa lafiya ne suka kwana a waje, dole a je ofishin 'yan sanda a rubuta. Sajan ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, ya dubi Sufeto, ya sauke hannu.

Mama ta leƙa ɗakin tela ta ce wa matarsa kada ta ba shi komai ya ci daga dare, ko ya yi mata magiya. Sannan ta fito, Sufeto ya buɗe mata ƙofar gaba ta mota.

Sun yi nisa kafin ta yi magana.

"Ɗana, ka taɓa kiran asibitinmu bayan an tashi?"

"Ban taɓa ba, Mama."

"Ka yi asara. A ƙarshen gaisuwar tana 'yar dariya. Ni ce a bayanta ina yi mata cakulkuli, ta ce a sake, na ce a bar shi haka."

Ta kwantar da kai jikin gilashi. Sufeto ya rage gudu, ya bi doguwar hanya zuwa ofis.