Fuska Babba ko Ƙarama

Na daɗe ina zama a bakin Kasuwar Dole ina kallon masu sayen salula. Gilashin nan da muke kira fuskar waya yana ba ni mamaki. In waya ta mutu ka leƙa, kanka za ka gani cikin baƙi. Saboda Hamza na daina leƙawa.

Hamza ɗan unguwar Birni ne, mai ƙaramin butik na waya, amma bai iya zaɓen kaya ba. In ya saro markar Dubai, a ce ta China ake so. Ya kawo masu faɗin fuska, a ce ba sa shiga aljihu. Ya kawo ƙanana, a ce ba a ganin ƙwallo. Kanawan da ke gefensa kuwa kaya ba ya kwana musu. Ya gaji.

Da rana tsaka ya hau moto zuwa wajen wani boka da ke cikin wani kogo a duwatsun bayan Tirmini. An manna fasassun madubai a bango da busasshen jini. Ga kan baƙin bunsuru ƙudaje sun rufe, ga ƙwarya cike da ruwa mai duhu. Bokan tsoho ne, yana zaune ya ba ƙofa baya.

Hamza ya ce, "Baba, so nake in san abin da zan saro. Wace marka, wace fuska."

"Mutanena ba ruwansu da marka. Ko gwangwani ka kasa zai tafi. Fuska suke tambaya. Babba ko ƙarama?"

"Ƙanana sun fi saurin fita."

"Ka ba da ƙanana ke nan?"

"Duka ma. In sun ƙare a koma manya."

"Yaro, na sake tambayarka."

"Baba, hanya da nisa. Na ba da."

"To, bakinka ya faɗa, ba nawa ba."

Ruwan ƙwaryar ya motsa, ba wanda ya taɓa shi.

Kasuwa ta buɗe. Kwali ba ya yini a butik ɗin Hamza. Ya gina bene, ya je Makka. Ranar da aka sauke kwalayen ƙananan wayoyi na farko, autarsa Safiya ta kwanta da zazzaɓi, ba ta tashi ba. Da aka sauke na biyu, yayanta Umaru ya faɗa rijiya.

Matarsa Rabi'atu ta ce, "Alhaji, duk kayan da ya shigo sai mun shimfiɗa tabarmar makoki. Me ka sayar?"

Nan ya gane. Don ya tsirar da ɗan da ya rage masa, ya daina kawo ƙanana, ya cika butik da manyan tabilet. Ya manta shi ya ce a koma manya. Mahaifiyarsa ta rasu tana kan buzun salla. Rabi'atu ta zauce, ta farfasa duk madubin gidan, tana cewa yara na kiranta daga ciki. Dangi suka tafi da ita da yaron. Ya koma kogo, bai tarar da kowa ba sai ƙwaryar, cike har baki.

Yanzu yana yawo a kasuwa ba takalmi. Duk wayar da ya gani a tebur sai ya kifa ta, a hankali, kamar mai rufe idon mamaci. Masu butik sun gaji da korarsa.

Kai mai hanzarin arziki, ka ji tsoron Allah. Gara kaya ya yi ƙura a kantar butik. Wanda ke ba ka ba da gumi ba ya riga ya san fuskokin gidanka, kuma ba ya yin ragi.