Ruwan da Habboba Ke Son Gani

"Ina son abin da zai ɗauki hoton kabari."

Haka kawai ta faɗa, ko sallamarta bai gama amsawa ba. Zaharadden ya ɗago kai daga wayar da yake kwancewa, ya ga budurwa tsaye a bakin kantarsa cikin baƙar abaya, hannuwanta sun sha lalle har wuyan hannu. Shekara shida yana wannan shago a unguwar Ammariyya ta birnin Jidda, yana sayar da waya da kyamara yana kuma gyarawa, ba a taɓa zo masa da irin wannan ciniki ba.

"Baiwar Allah, ai ba a ɗaukar hoto a maƙabarta."

"Wannan ba a maƙabarta yake ba. A cikin ruwa yake."

To fa. Ya ajiye sukudireba ya jawo mata kujera.

Sunanta Mubina, 'yar Hausawan Sudan ce da ke zaune a unguwar Mahjar, sana'arta yi wa amare lalle. Kakarta, wadda suke kira Habboba Sauda, ta taso daga tashar Sawakin ta Sudan da mijinta Nuraddeen a jirgin ruwan alhazai shekara hamsin da 'yan kai. Zazzaɓi ya kama mijin a hanya, ya cika saura kwana ɗaya su iso Jidda. Bayan asuba aka yi masa sallah a saman jirgi, aka zura shi cikin Bahar Maliya. Ita kuwa tana kwance a ɗakin mata da tsohon ciki, ba ta ga wurin ba. Daga ranar ta rantse ita da ruwa har abada, ko Kurnish, bakin tekun Jidda, ba ta zuwa shan iska.

"Yanzu idonta ya fara hazo," in ji Mubina. "Wata amarya da nake wa lalle, Nuf, za ta tafi da ni jirgin ruwan shaƙatawa kwana uku ita da 'yan uwanta mata. Habboba ta ce in ɗauko mata hoton ruwan da asuba, tun tana iya gani."

Zaharadden ya miƙe ya ɗauko wata ƙaramar kyamara mai ruwan ɗorawa.

"Wannan za ki ɗauka. Ruwa ba ya shigarta, ga igiya ki rataya a wuya. Waya a kan ruwa santsi gare ta, gishiri kuma cinye cikinta yake yi. In asuba ta yi kar ki jawo hoton kusa. Ki dafa gwiwar hannu a ƙarfe, ki riƙe numfashi, ki danna. Halas, shi ke nan."

Tana jinsa, amma idonta na kan wayar da yake gyara. An manna mata farar takarda a fuska, an zagaye da salatif.

"Ita kuma me ta yi aka rufe mata fuska?"

"Ta wata baiwar Allah ce. Ni aikina a bayan waya yake, fuskarta ba tawa ba ce."

Duk macen da ke Jidda ta san fargabar kai waya gyara, don a ciki hotunanta suke ba mayafi. Mubina ta dubi takardar, ta dubi mai takardar, sai ta ji zuciyarta ta yi wani irin tsalle da ba ta ba ta izini ba. Ta ce za ta yi shawara a gida. Ya ce ta karɓi lambarsa, saboda kyamarar. Kyamara dai, wai.

Ko la'asar ba a yi ba saƙo ya shigo.

"Assalamu alaikum mai lalle. Na manta ban gaya miki ba, kyamarar tana da jaka."

"Wa alaikumus salam Injiniya. Jakar ce ta sa ka rubuto?"

"Wallahi jakar ce. Da kuma hannun da zai riƙe ta."

Sati biyu ana shawarar kyamara ɗaya. Shi haifaffen Jidda ne, kakansa ma nan ya tsufa, Hausarsa takan ƙare masa a tsakiyar magana ya ƙarasa da Larabci, ita kuma ta yi ta yi masa dariya tana gyara masa. Ran nan ya rubuto: "Mubina, ban iya doguwar Hausa ba. Ina son ki. In kin yarda in turo manya." Ta karanta ya fi sau goma, sannan ta amsa da kalma ɗaya ta Larabci: "Yalla," wato bismillah, turo su.

Sai dai Malam Na'ibi, mahaifinta, ko zama bai bari maganar ta yi ba.

"Mai gyaran waya? Wanda ya yini yana leƙen matan mutane? Ba a gidana ba."

"Baba, shi takarda yake mannawa..."

"A gabanki ya manna. In kin juya baya fa?"

Dama Malam mutum ne mai tsananin kaffa-kaffa da hoto. Shi ya hana kowa a gidan ajiye hotuna a intanet, ya ce hoton mace ba ya kwana a inda ba a san mai gadinsa ba. Kuma yana da nasa ɗan takarar, Sadiƙ ɗan yayarsa, direba a gidan wani attajiri, ga iƙama mai kyau, wato takardar zama a ƙasar, ga kafilin da ya tsaya masa mai mutunci. Da Sadiƙ ya ji zancen tafiya sai ga shi da dalleliyar waya a kwali, mai ido uku a baya. Malam ya ce ita za ta riƙe, maganar kyamara ta mutu. Mubina ta kwashe hotunan amarenta kaf ta zuba a sabuwar waya, ranta ba daɗi.

Labari ya riga ta isa Ammariyya, don Sadiƙ da kansa ya je shagon Zaharadden sayen rigar wayar yana baza zance.

"Mabruk, ina taya murna," Zaharadden ya rubuto. "Na ji an zaɓa. Allah ya sa ta fi kyamarata ɗaukar haske."

"Waya aka zaɓa min, ba mutum ba."

Bai amsa ba. Kishi ya toshe masa kunne, ita kuma zuciya ta ɗebe ta, ta ƙyale shi.

Ranar tafiya, da Mubina ta tsaya a gindin jirgin, sai da ta ɗaga kai har mayafinta ya zame. Subhanallah! Unguwa guda ce aka ɗora a kan ruwa, bene a kan bene, da lif da masallaci da wurin cin abinci da ya fi layinsu tsawo. Jidda ta yi ta ƙanƙancewa a bayansu har dogon ruwan nan mai feshi na bakin teku ya koma kamar zare.

Washegari tana idar da sallar asuba ta hau can sama ita kaɗai. Ba gini, ba mota, ba ƙarar kowa. Ruwa ne ta gabas, ruwa ta yamma, baƙi wuluk da farko, sannan ya koma shuɗi irin na rini, sannan gefensa ya kama ja. Da rana ta ɓullo sai wata hanya ta haske ta shimfiɗu daga can ƙarshen duniya har gindin jirgin. Mubina ta ji ta zama 'yar mitsitsiya, ta ji tsoro da daɗi sun haɗu mata wuri guda. A nan kakanta yake kwance, shekara hamsin, ba dutse ba alama, kuma Allah ya san daidai inda yake.

Ta dafa gwiwar hannu a ƙarfe, ta riƙe numfashi, ta danna. Ta yi masa addu'a tana hawaye, ta sake dannawa.

A rana ta uku aka sauke su wani tsibiri a ƙaramin kwalekwale. Nuf ta miƙo hannu a taimaka mata, Mubina ta kama ta, wayar kuwa ta sulale daga tafinta, ta bugi bakin ƙarfe, ta tsage, ta faɗa ruwa. Wani ma'aikacin jirgi ya tsamo ta, amma ta riga ta ɗauke wuta. Ba igiya a wuya, ba kwafi a ko'ina.

Da ta dawo Mahjar ta durƙusa gaban Habboba ta miƙa mata wayar tana kuka. Tsohuwa ta shafa wayar, ta ji gishiri ya bushe a jikinta. Ta jawo jarkar zamzam ɗinta, ta tsiyaya a kwano, ta tsoma wayar ciki tana bismillah.

"Habboba! Kin ƙarasa ta!" Sadiƙ ya dafe kai. "Kawo in kai titin Shari' Falasɗin, akwai masu gyara."

"Hotunan amaren mutane ne a ciki," in ji Mubina. "Matan da suka cire mayafi a gabana don sun yarda da ni. Gara ta mutu."

Malam Na'ibi ya tsaya yana kallon wayar a cikin kwano. Dokarsa ce ta hana a ajiye kwafi, kuma cikin da Habboba ke ɗauke da shi a jirgin nan shi ne. Bai taɓa ganin mahaifinsa ba, ko a hoto.

Habboba ta tsamo wayar ta goge da gefen zaninta. "A kira min mai takardar nan."

Mubina ta ari wayar mahaifiyarta. "Injiniya, ba don ni ba, don Habboba. Wayar ta sha ruwan gishiri. Ruwan asubar yana ciki."

Amsa ta zo nan take: "Kar a kunna, kar a sa caji. Ga ni nan."

Bayan azahar ya iso da jakar kayan aiki. Aka shimfiɗa masa darduma a falo, Malam ya zauna dab da shi kamar mai gadin fursuna, mata suna bayan labule. Ya buɗe bayan wayar, ya kanga ta a haske, ya ce, "Wa ya wanke ta?"

"Ni ce," in ji Habboba daga ciki. "Da zamzam."

"Allah ya saka da alheri, Habboba. Gishirin ne ke kashe waya, ke kuma kin rage shi. Da an bar ta haka zuwa gobe, halas."

Sadiƙ ya sunkuyar da kai.

Awa uku yana abu ɗaya. Ya wanke cikinta da ɗan buroshi, ya busar, ya canza batir, ya ɗora sabon gilashi. Kafin ya haɗa wayar wuta ta ƙarshe sai ya zaro farar takarda daga aljihu, ya manna a fuskar, ya zagaye da salatif. Ya danna. Wayar ta yi ɗan motsi a tafinsa, haske ya fito ta gefen takardar.

"Ta tashi, Baba. A miƙa mata ta sa lambarta."

Malam ya karɓa ya miƙa bayan labule, aka buɗe aka dawo masa da ita. Sai ya yi abin da ba wanda ya zata. Ya ɓare takardar, ya tura wayar gaban saurayin.

"Duba mana ko hotunan suna nan. Kai ne masani."

Kafin wayar ta iso gabansa Zaharadden ya runtse ido, ya juya fuska ga bango.

"Baba, ka yafe ni. Aikina ya ƙare a bayanta."

"Ni na ba ka izini."

"Ba naka ba ne, Baba, ba nawa ba ne. Na matan da ke ciki ne."

Malam ya daɗe yana kallon ƙeyar yaron nan da ya ƙi juyowa, kunya da mamaki suka rufe shi. A hankali ya tashi ya shiga bayan labule da wayar.

Mubina ta nemo hoton ta kai shi dab da idon Habboba. Tsohuwa ta ƙura masa ido, ta matso da shi har yana taɓa hancinta. Ga shuɗin, ga jan, ga hanyar haske.

"Allahu Akbar," ta ce a hankali. "Ashe wuri mai kyau aka sa ka, Nuraddeen. Shekara hamsin ina zaton duhu ne." Ta kamo hannun ɗanta ta ɗora yatsansa a kan gilashin. "Na'ibi, ga babanka."

Malam Na'ibi, mutumin da 'ya'yansa ba su taɓa ganin hawayensa ba, ya zauna daɓas a ƙasa ya yi kuka kamar yaro. Da ya fito, Zaharadden na nan yadda ya bar shi, fuska a bango.

"Juyo, ɗana," in ji Malam. "Ka ce wa manyanka ina jiransu ranar Juma'a."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a masallacin unguwa, Mahjar ta cika da 'yan Sudan da 'yan Ammariyya, har Sadiƙ ya yi ta jigilar baƙi da motar gidan aikinsa. Nuf ta zo da 'yan uwanta, ta ce yau ita za ta riƙe wa mai lalle kwano. A cikin lefe, a saman atamfofi, aka tarar da ƙaramar kyamara mai ruwan ɗorawa da igiyarta, har da jakar.

Da yamma saƙo ya shigo wayar amarya.

"Mai lallena, yanzu an halatta min in kalli fuskar?"

"Ta wayar ko ta mai wayar?"

"Ya ƙalbi, ya zuciyata, wayar ta riƙe takardarta."

Habboba ce ta sa musu albarka da za a fita da amarya. Hoton ruwan, wanda ango ya wanke mata babba ya sa a firam, yana rataye saitin gadonta. Ta haɗa hannayensu biyu a cikin nata, ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai riƙon amana, ya sa su tsufa tare a kan tudu. Aka shafa, Malam Na'ibi ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.